Wa ya san kan tsofaffin katunan besbol a zauren nan?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Don Allah ina neman wanda ya san kan katunan 'yan besbol ɗin nan. Wani sito na ci a gwanjo can wajen Yonkers, wallahi don firji da kujeru na taya, kayan kwantena, sai ga kwalayen takalmi a ƙarƙashin katifa maƙare da kati, da wani fayil mai zoben ƙarfe shi ma kati ne a jere cikin leda. Na ɗebi kaɗan na kai wa wani mai shago, ya juya su ya juya, ya ce in kawo duka ya ba ni dala 400 kuɗi hannu. Saurin da ya yi ne bai kwanta min ba. In sallama ko in jira?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Maigida dala 400 a kan kwali? Karɓi ka ƙara da gudu kafin mutumin ya dawo hayyacinsa 😂

Maman Iman: A'a Baban Khalifa kar ka sallama. Duk wanda ya ce duka zai saya to ɗaya ko biyu ya hango a ciki, sauran 'yan rakiya ne.

Alhajin Harlem: Ku taɓo Injiniya, shi ne mai wannan haukan.

Autan Fagge: Yaya wai irin katin nan ne da aka ce an sayar dala miliyan 12? Na gani a Facebook kwanaki. In shi ne don Allah a tuna da mu, rufin ɗakin Hajiya har yanzu yoyo yake

Baban Khalifa: Auta kwantar da hankalinka. Amma dai akwai wani an rubuta Mickey Mantle, ya saɓa sanda ruwan ɗorawa a kafaɗa, bayan hoton shuɗi

Ɗan Zango: Innalillahi. Na janye maganata. Maigida ka san dai ni na ɗauko ka daga JFK ranar da ka sauka ƙasar nan ko

Injiniya: Salam, yanzu na tashi daga aiki na ga Alhaji ya ambace ni. Hauka kuma Alhaji, ranka ya daɗe 😄 Yaya Baban Khalifa kafin komai kar ka goge ko ɗaya, ba tsumma ba tishu, kar ka ce za ka miƙar da wanda ya lanƙwashe, in kuma akwai robar ɗaure kuɗi a jikinsu sa almakashi ka yanke ta kar ka ja. Sannan ɗauko rula ka auna min Mantle ɗin. Na ainihin na kamfanin Topps ne na 1952, lamba 311 a baya, kuma katunan Topps daga 1952 zuwa 1956 sun fi na yanzu girma, faɗi inci 2 da 5/8, tsawo inci 3 da 3/4, wajen santimita 6.7 da 9.5 kenan. Daga 1957 ne suka koma 2 da rabi da 3 da rabi, girman da ake yi har gobe. In ka ɗora shi a kan wani na 1990 ka ga sun zo daidai to ba shi ba ne, sake bugawa aka yi. Kamfanin da kansa ya sha sake buga shi, ya yi a 1983, ya yi a 1996 bayan mutuwar mutumin, ban da na 'yan damfara da ke jiƙa sabo a ruwan shayi ya ɗauki kalar tsufa.

Baban Khalifa: To bari in nemo rula a jakar makarantar Khalifa

Autan Fagge: Injiniya to wancan na miliyan 12 ɗin gaskiya ne ko ƙaryar intanet?

Injiniya: Gaskiya ne. Miliyan 12.6, watan Agusta 2022, a gwanjon Heritage da ke Dallas. Mai shi dala 50,000 ya saye shi a 1991 ya ajiye shekara 31. Amma Auta abin da ba a rubuta muku a Facebook shi ne makin katin, 9.5 cikin 10 kamfanin SGC mai tantance lafiyar kati ya ba shi, wato kamar yau aka fito da shi daga leda. A Janairun 2021 an sayar da mai maki 9 na PSA, wani kamfanin ba da makin, miliyan 5.2. Shi wannan katin dai, hoto ɗaya shekara ɗaya, in ya sha jiki ya samu maki 1 sai ka ji ana maganar dubu ashirin da wani abu zuwa sama. Kuɗi ne mai yawa amma ka ga tazarar da ke tsakani.

Autan Fagge: Ko mai maki 1 ɗin ma mun gode Allah

Sarkin Uber: Wai ba shi ne aka ce kamfanin ya zubar da su a teku ba?

Injiniya: Shi ne. Yana cikin rukunin ƙarshe na shekarar, ya fito ana dab da gama kakar wasa yara sun koma kallon wata ƙwallon, bai sayu ba ya yi kwantai a sito. Sy Berger wanda ya tsara katunan shi da bakinsa ya ba da labarin cewa daga baya ya loda ragowar a jirgin ruwa aka juye a tekun Atlantika. Kuma ba shi ne ma katin Mantle na farko ba, na farkon na Bowman ne na 1951, amma na Topps ɗin ya fi shi tsada. Kasuwar ba ta bin lissafi koyaushe.

Alhajin Harlem: Ni abin nan yana tuna min lokacin da aka tayar da hankalin mutane a gida da neman tsohon dutsen guga da keken ɗinki wai akwai jan sinadari a ciki na miliyoyi. Kawuna har keken matarsa ya farfasa.

Injiniya: Alhaji wancan ba wanda ya taɓa ganin mai sayen. Wannan kuwa a bainar jama'a ake yi, kowane ciniki yana rubuce da rana da farashi, kowa zai iya dubawa.

Ɗan Zango: Mu da muka tara hotunan cikin cingam muna yara fa, ina za mu kai namu?

Maman Iman: Kai wa Alhaji ya haɗa da keken kawunsa

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum. Ni dai Baban Khalifa ka saurare ni da kyau, don ni wuta ta ƙone ni a wannan harka. Lokacin ina aikin kwashe kaya nan Greensboro munka je tashin wata tsohuwa da za a kai gidan kula da tsofaffi, mutuniyar kirki, ta ce ga kwalin mijinta da ya mutu ba mai so cikin ɗiyanta in ɗauka in ba yarana. Na kawo gida, yaron maƙwabcina ya duba ya ce akwai Roberto Clemente na 1955 a ciki da wasu na shekarun nan, ya ce in kai gwanjo. To akwai wani gidan gwanjo nan kusa, masu saida kujeru da agogo da bindigogin da da kwanukan tsofaffi, na kai musu, sunka yi mini fara'a sunka ba ni kofi sunka ce in sa hannu. Ashe abin da sunka yi, duka kwalin sunka haɗa kashi guda, sunka rubuta tsofaffin katunan wasa kawai, ko sunan Clemente ba su sa ba, hoto guda sunka ɗauka daga nesa shi ma dishi-dishi, kuma anka rufe gwanjon ranar aiki da rana tsaka lokacin da kowa shina wurin nema. Ba su sa mafi ƙarancin farashi ba, da na yi magana sunka ce ai yana cikin takardar da na sa ma hannu. Dala 900 anka saye. Cikin 900 ɗin sunka cire kashi 25 la'adarsu, sunka cire kuɗɗin hoto, hoton nan dai da ba a ganin komi, sunka cire inshora, abin da ya iso hannuna bai kai 650 ba kuma sai da na yi ta bin su da waya kamar mai roƙo. Bayan 'yan watanni yaron nan ya turo mini hoto daga eBay, Clemente na ne wallahi, na gane shi da wata 'yar karaya a kusurwar hagu ta ƙasa, an sa shi cikin robar masu ba da maki an ba shi 3, an saida shi shi kaɗai sama da dala 2,000. Sauran na cikin kwalin Allah kaɗai ya san nawa anka samu. Ban ce sun yi sata ba, komi da takarda, amma mutanen nan ba su san kati ba kuma ba su damu ba, ko nawa anka saye su dai la'adarsu ta fita. Don haka in gwanjo za ka kai, kai ma waɗanda kati ne sana'arsu, kuma kar ka yarda a haɗa mai tsada da tarkace kashi guda, kuma ka karanta takarda ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka.

Maman Iman: Kai, Allah ya mayar da alheri Ɗan Maraɗi

Alhajin Harlem: Amin. Rabon wani ne ya ratsa ta hannunka.

Sarkin Uber: Ni da ni ne sai na kai su kotu

Ɗan Maraɗi: Da wace hujja? Hannuna ne a takardar. Kuɗɗin lauya ma ya fi abin da za a ƙwato

Sarkin Uber: Akwai ƙaramar kotu ta ƙananan basussuka ba a buƙatar lauya

Ɗan Maraɗi: Sarki bar shi, ya wuce

Malam Ƙarami: Salamun alaikum. Tunda an zo maganar gwanjo bari in sa baki kaɗan. Shi cinikin wa-zai-ƙara halal ne a wajen jumhurun malamai. Abin da Annabi (SAW) ya hana shi ne najashi, mutum ya riƙa ƙara farashi ba don zai saya ba sai don ya ingiza wani. Na faɗa ne don na san halinmu, kar gobe a sa kati a eBay a ce Ɗan Zango shiga ka taya ka ɗaga mana. Haka in kati yana da aibi a faɗa. Sannan Baban Khalifa in akwai takardun mutane ko hotunan iyali a siton a mayar wa ofishin wurin su nemi masu shi.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam na mayar tun ranar, har da wani kundin hotunan biki

Ɗan Zango: Malam me ya sa sai ni 😭

Sarkin Uber: Allah gafarta to hoton fa? Ba hoton mutum ake saye da sayarwa ba?

Malam Ƙarami: Wannan doguwar magana ce Sarki, akwai saɓani, same ni bayan Juma'a. Wanda ba na shakka a kai shi ne wannan da samari ke yi a intanet, a tara kuɗi a buɗe rufaffen kwali kowa ya jira abin da zai faɗo masa. Wannan caca ce.

Injiniya: Malam ya taɓo inda ke ciwo. Kati mafi suna a duniya ma da ha'inci a tarihinsa. Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh, ɗan ƙaramin kati ne da ake sakawa cikin kwalin taba sigari tsakanin 1909 da 1911, aka dakatar da nasa da wuri, waɗanda aka sani yanzu ba su wuce hamsin zuwa sittin ba. Wanda ya fi kowanne kyau Wayne Gretzky ɗan wasan ƙanƙara da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, shi ne katin farko da PSA ta fara ba wa maki, ta ba shi 8, a 2007 ya kai miliyan 2.8. Sai a 2013 wani babban dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunan katin don ya yi kyau, kuma gidan gwanjonsa na sa a yi tayin bogi, najashin da Malam ya faɗa kenan. Wata 20 aka yanke masa. Duk da haka Wagner bai faɗi ba, mai maki 3 miliyan 6.6 a 2021, mai maki 2 miliyan 7.25 a 2022. Har wasu mata masu hidimar coci a Baltimore sun gaji wani duk ya yamutse an manne shi da leda, a 2010 ya ba su sama da dala 200,000. In kuna son ganin irinsa akwai ɗaya a gidan tarihi na Metropolitan cikin tarin Jefferson Burdick, sukan fito da shi lokaci-lokaci.

Autan Fagge: Yaya duba ko akwai Wagner

Baban Khalifa: To jama'a na auna. Mantle dai 2 da rabi ne da 3 da rabi cif, kuma Khalifa ya hango 1996 da ƙananan rubutu a baya.

Ɗan Zango: Na sake janye maganata. Kuɗin man JFK ma na yafe

Autan Fagge: 😭😭 Hajiya sai a ci gaba da tara bokiti

Injiniya: Na zata. 'Yan daloli ne wannan, bar wa Khalifa. Amma mai shago ba don shi ya ce 400 ba, ya fi mu sanin sabon bugu ne. Buɗe fayil ɗin ka karanto min sunaye da shekaru, musamman waɗanda suka fi sauran girma.

Baban Khalifa: Manyan guda tara ne. Akwai Henry Aaron, bayan hoton ruwan lemo, lamba 128. Shi ya fi na 1990 ɗin girma sosai har ledar ba ta rufe kansa ba. Sai wani mai mutum biyu Jerry Koosman da Nolan Ryan lamba 177 amma shi ƙarami ne. Akwai Reggie Jackson, akwai Pete Rose da yawa. Kwalayen takalmin kuma duk 1988, 1989, 1990, 1991 ne, Donruss, Fleer, Score, sun fi dubu uku

Injiniya: Yauwa, ga abin da mutumin ya gani. Lamba 128 na 1954 shi ne katin farko na Hank Aaron, wato Henry ɗin, wanda ya karya tarihin Babe Ruth na yawan bugun home run a 1974. In na gaske ne ko maki 2 ko 3 ya samu ya haura dala dubu shi kaɗai, in ya kai 5 ko 6 ana maganar dubbai masu kauri. Mai mutum biyun kuma na 1968 ne, katin farko na Nolan Ryan, girmansa daidai ne don bayan 1957 ne, shi ma ɗaruruwa ne zuwa sama gwargwadon lafiyarsa. Reggie Jackson in 1969 ne lamba 260 ware shi. Pete Rose sai na ga shekarun, na 1963 ne mai kuɗin kuma shi aka fi yi wa jabu.

Maman Iman: Ban faɗa ba? Ɗaya ko biyu

Baban Khalifa: Na kwalayen fa? Dubu uku fa Injiniya

Injiniya: Yaya ka yi haƙuri, waɗannan a kilo ma da wuya. Daga wajen 1987 zuwa 1994 kamfanonin sun buga kati kamar ba gobe, kowane Ba'amurke ya saya ya ɓoye wai zai biya wa ɗansa jami'a da su, to kowa yana da su kuma duk sababbi. Na shekarun 1950 sun yi tsada ne don yara sun yi wasa da su, sun maƙala a taya keke, iyaye mata sun share sun zubar. Abin da za ka nema a ciki Ken Griffey Jr. na Upper Deck 1989, lamba 1.

Maman Iman: Wannan ɗana yana da shi. Ya dame ni sai da muka tura aka ba shi maki, shi yana ta mafarkin 10 don ya ga mai 10 na kai dubbai, ya dawo da 8. Da muka haɗa kuɗin ba da makin da na aikawa da inshora kusan a nan kuɗin katin ya tsaya. Wai hoton ya ɗan karkata gefe ɗaya, ni har yau ban ga karkatar ba.

Injiniya: Haka ne Anti. Abu huɗu suke dubawa da gilashin ƙara girma: zaman hoton a tsakiya, kaifin kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Karaya ɗaya da sai ka karkata shi a haske za ka gani tana iya sauko da kati daga 7 zuwa 4. In kuma suka ga an datse ko an goge ko an ƙara kala ba maki gaba ɗaya, sai su rubuta na gaske ne amma an taɓa shi, farashi ya zube. Shi ya sa ba kowane kati ake turawa ba. Aaron da Ryan dai a tura.

Sarkin Uber: PSA zai tura. In ba PSA ba ɓata kuɗi ne, su kasuwa ta sani

Injiniya: A sababbin kati na yarda. A tsofaffi SGC ba ta da matsala, mai miliyan 12.6 ɗin a robar wa yake? Kuma baƙar robar nan tasu tana fito da tsohon kati.

Sarkin Uber: Kyau za a ci? Ɗauki kati ɗaya maki ɗaya ka duba wanne ya fi kuɗi a eBay. Kuma ai mai PSA ɗin ne ya saye SGC a 2024, duk aljihu ɗaya ne

Injiniya: To in aljihu ɗaya ne rigimar me kake

Sarkin Uber: Kai dai ɗan ƙungiyar Mets ne, ba ka taɓa zaɓar abin da ke cin nasara ba

Injiniya: Ku da kuke zaune gindin filin Yankees tun 2009 kuna jiran kofi

Ɗan Zango: Ni shekara da shekaru ina sayar da ruwa a titin 161 ranar wasa har yau ban gane wa ke cin wa ba. Mutum ya bugi ƙwallo ya yar da sanda ya ruga, sai kowa ya tashi ya sayi tsiran alade

Alhajin Harlem: Ku bar shirmen nan mutum na neman shawara.

Baban Khalifa: Na gode Alhaji. Ni yanzu yaya zan san farashin da kaina, kar in je a sake yi min 400

Injiniya: Kar ka kalli abin da mutane suka rubuta suna nema, kowa na iya sa katinsa miliyan ya zauna. Shiga eBay ka rubuta 1954 Topps 128, ka latsa wajen da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar. Wani lokacin za ka ga an ja layi a kan farashin, wato an yi tayi ƙasa da haka an sallama, shafin 130point yana nuna ainihin abin da aka biya. PSA ma tana da shafin sakamakon gwanjo kyauta, maki-maki, da adadin katunan da suka samu kowane maki. Ka dubi na watannin nan kawai. Farashin 2021 lokacin korona da kowa ke zaune a gida da kuɗin tallafi a hannu ba shi ne na yau ba, lokacin har PSA sai da ta dakatar da karɓar yawancin kati saboda sun yi mata yawa, wanda ya saya a ƙololuwar nan da yawa sun zama kamar mai ragon layya washegarin sallah. Sannan ka tuna farashin da ake sanarwa na gwanjo har da la'adar mai saye a ciki, kashi 20 ko sama da haka, ba duka ke zuwa hannun mai kaya ba. eBay kuma wajen kashi 13 suke cira.

Ɗan Maraɗi: Shi ya sa na ce a karanta takarda

Injiniya: Manyan gidajen gwanjon kati kamar Heritage da REA da Goldin in ka tura musu hoto suna kimantawa kyauta, kuma in kayan na da nauyi ana ciniki a kan la'adar mai sayarwa har ta sauka sosai. Tura wa biyu ko uku ka ji bakin kowa. Amma fa kati mai dubu ɗaya ko biyu ba zai sa su rawar jiki ba, waɗanda suka saba da irin katunan 1910 kusan 700 da wasu iyali suka tsinta a saman rufin gidan kakansu a Ohio a 2012.

Maman Iman: Ni shawarata ka je kasuwar kati da ake yi a White Plains, jirgin ƙasa ɗaya ne daga Bronx. Teburi-teburi ne, ka nuna wa mutum biyar ka ji abin da kowa zai ce, ba dole ka sayar ba. Amma kar ka bari kowa ya shiga da shi bayan tebur, a gabanka za a duba. Ka sayi 'yar leda mai laushi da roba mai tauri ta manyan kati ka sa shi tukun.

Sarkin Uber: Can ma dillalai ne, rabin kuɗi za su taya

Maman Iman: Na ce ya sayar? Ji zai yi

Injiniya: Kafin nan ma ina da gilashin masu gyaran agogo. A na gaske baƙin rubutun tawada ce a shafe, a na jabu za ka ga ɗigo-ɗigo har cikin haruffan don hoton kati aka ɗauka aka buga. Da fitilar duba jabun kuɗi, sabuwar takarda tana ƙyalli a ƙarƙashinta. Kuma na 1954 ba shi da farin gefe ta sama, kalar har baki take kaiwa, kar ka ga haka ka ce an yanke.

Baban Khalifa: Eh haka yake, saman ba fari. Amma kusurwa ɗaya ta ɗan daku kuma akwai wani siririn layi ta wajen hularsa

Injiniya: Layin ya ratsa har baya?

Baban Khalifa: Sai da safe zan gani, hasken ɗakin nan ba kyau kuma Maman Khalifa ta ce in kwashe mata kwalaye daga kan tebur

Autan Fagge: Yaya dubu ɗaya ma in aka canja ai ta yi kwano da kafinta

Alhajin Harlem: Kar a manta da haraji. In ka sayar ta intanet takarda za ta iya zuwa, ka ajiye rasit ɗin siton don a cire abin da ka kashe. Ka tambayi mai cika maka takardun haraji.

Malam Ƙarami: Da zakka in ya shiga kayan kasuwa shekara ta zagayo.

Ɗan Zango: Kati bai sayu ba har an raba shi uku, Hajiya da gwamnati da Malam

Malam Ƙarami: Ba ni za a ba ba Ɗan Zango, kai ma in ka cancanta a ba ka

Sarkin Uber: PSA dai

Injiniya: Yaya zan shigo Bronx ranar Asabar bayan la'asar, kar ka kai ko'ina kafin nan. Ka ɗaukar min hoton sauran manyan takwas ɗin gaba da baya, a kan baƙin ƙyalle, ba filasha.

Baban Khalifa: In sha Allah. Mai shagon ma ya kira ɗazu wai ya ƙara zuwa 600

Maman Iman: Ka ce masa albarka

Ɗan Maraɗi: Baban Khalifa firjin nan fa, mai ƙofa biyu ne? In akwai wuri a kwantenar ina da katan shida da za su Kano, daga can ƙanena ya wuce da su Maraɗi

Baban Khalifa: Mai ƙofa biyu ne amma an riga an yi masa mai shi. Wuri akwai, sai dai ƙarshen wata za mu loda, kira ni gobe mu yi maganar kuɗin katan